"Ba Ruwana" a Tsakiyar Ruwa

Da yamma ne, mun jawo kwalekwale kan yashi muna kwashe ruwan da ya taru a cikinsa, sai ga wani ma'aikaci yana bi yana duba ko kowa na da rigar hana nutsewa. Bai ɗaga wa kowa murya ba. Ya duba, ya yi mana sannu da hanya, ya wuce.

Yana ba da baya, babban yayanmu a wannan harka, wanda shi ya fara koya mini riƙon filafili, ya yi tsaki. "Ka gani ko, ƙanena? Har nan sun biyo mu. Ni abin da ya kawo ni ruwa ke nan, nan ba ruwana da kowa, ba ruwan kowa da ni. Iya ruwa fid da kai."

Na yi dariya a lokacin. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don ba daga bakinsa kaɗai nake jin ta ba. Masu tuƙa kwalekwale don nishaɗi da yawa suna da wannan ra'ayi, wasunsu ma sun karanta littattafansa. Su ne waɗanda Turawa ke kira libateriyan: mutum shi ya mallaki kansa da abin da ya samu da guminsa, kada wani ya taɓa shi da ƙarfi, aikin gwamnati bai wuce hana sata da zalunci da cin amanar yarjejeniya ba. A wurinsu mutum guda cikin kwalekwale, da tantinsa da wuƙarsa da guzurinsa, shi ne hoton ɗan'adam yadda ya kamata ya kasance.

Ga matsayina. 'Yancin da ake ji a kan ruwa gaskiya ne, na ji shi, ban kuma yarda a raina shi ba. Amma duk wanda ya tashi daga wannan ya ce ba ya buƙatar kowa, babu kuma mai bin sa bashin komai, to bai kalli abin da ke ƙarƙashin kwalekwalensa da kyau ba. Kwalekwale shaida ce mai ƙarfi, sai dai shaidar tana gefen da ba su zata ba.

Inda nake tare da su

Ruwa ba ya karɓar uzuri. In ka ɗaure kayanka sakaka, za su jiƙe. In ka miƙe tsaye ba ka iya ba, za ka sha ruwa. In ka ga hadari ya haɗo ka ce bari in ƙarasa tsallakewa, iska za ta koya maka karatu a tsakiyar tafki, inda babu wanda za ka ɗora wa laifi. A rayuwar yau, inda kusan kowane kuskure akwai ofishin da za a kai ƙorafinsa, wannan abu ne mai daɗi da wanke zuciya.

Wanda ke tuƙi shi kaɗai ya san wani abu kuma. In ka dinga jan filafili a gefe guda, kan kwalekwalen zai dinga karkata zuwa ɗaya gefen, sai ka koyi murɗa filafilin a ƙarshen kowane ja don ya miƙe. Babu mai koya maka wannan da baki har ka iya. Hannunka ne zai gane, bayan ka yi ta zagaye wuri guda kamar wanda ya ɓata. Ranar da ya miƙe, abin naka ne kai kaɗai, ba wanda ya ba ka.

Don haka in sun ce baligi mai hankali yana da ikon sa kansa cikin haɗari, na yarda. John Stuart Mill, masanin falsafa ɗan Ingila, ya kawo misalin a 1859 da wata gada mai rauni: in mutum zai hau bai sani ba, kuma babu lokacin yi masa bayani, ka iya riƙe shi. In kuwa ya san haɗarin ya ce ya ji ya gani, naka gargaɗi ne kawai. Ban ga abin da zan ƙara a kan wannan ba. Ba na son duniyar da za a hana mutum shiga ruwa don wai zai iya nutsewa.

Daga nan ne hanyarmu ta rabu.

Jarumin da ake kwaikwayo

Duk mai wannan ra'ayi yana da wani mutum a zuciyarsa da yake son ya zama. A Arewacin Amurka mutumin nan shi ne matuƙin kwalekwalen fataken fatu na ƙarni na 18 da farkon na 19, waɗanda ke tashi daga kusa da Montreal su yi makonni a ruwa har tafkin Superior. Ƙarfinsu ba tatsuniya ba ne. Sukan yi awa 14 suna tuƙi a rana. In sun iso inda ruwa ya katse, kowa zai ɗauki ƙunshi biyu a baya, kowanne kilo 41 ko kusa da haka, ya bi ta daji da su. Hanyar Grand Portage kaɗai ta kusa kilomita 14.

To amma su wane ne? Ma'aikatan kamfani ne da suka sa hannu kan takardar ƙwadago, da yawansu kamfanin na bin su bashi. Babban kwalekwalensu, mai tsawon kusan mita 11, mutum takwas ko fiye ke tuƙa shi, da mai gaba da mai baya da 'yan tsakiya, suna rera waƙa don filafilansu su faɗa ruwa lokaci guda. Jirgin kansa na ɓawon itace fasahar 'yan asalin ƙasar ce, irin su Ojibwe da Algonquin, haka hanyoyin da suke bi, haka busasshen naman da ke riƙe su a tafiya. Da ka sauke ɗaya daga cikinsu shi kaɗai a bakin kogi ka ce masa ga 'yanci nan, da ya ɗauka hukunci ka yanke masa.

Kalmar da Amurkawa ke yi wa wannan hali kirari da ita, wato tsayuwar mutum da ƙafarsa cikin tauri, Herbert Hoover ne ya yayata ta a yaƙinsa na neman shugabancin Amurka a 1928. Shekara guda bayan haka kasuwar hannun jari ta rushe, miliyoyin mutane masu ƙwazo suka rasa aiki ba da laifinsu ba. Wannan dai a gefe.

Abin da ya fi damuna da hoton jarumin shi ne yadda yake sauya wa mutum lissafi. Wanda ya ɗauki kansa a matsayin gwarzo, juyawa baya kan zame masa abin kunya, alhali rabin iya ruwa shi ne sanin ranar da ba a shiga. A watan Yunin 1978 wata makarantar kwana ta yara maza daga Ontario, wadda ta yi suna wajen horar da yara su zama masu tauri, ta fita da ɗalibai cikin kwalekwale huɗu a tafkin Temiskaming na Kanada. Jiragen suka kife cikin ruwa mai tsananin sanyi. Yara 12 da babba guda suka mutu, da rigunan ceto a jikinsu. Sanyi ne ya kashe su. Yaran nan ba su zaɓi haɗarin irin zaɓin da Mill ke nufi ba. Manya ne suka zaɓa musu, da sunan mayar da su maza.

Kogin na wane ne?

Nan ne na fi so in zauna da yayan nawa, don nan maganarsa ta fi rauni, shi kuma bai taɓa lura ba.

Mai kwalekwale ba shi da kogi. Yana wucewa ne ta gaban gonakin mutane da gidajensu da dazukansu, kilomita bayan kilomita, ba ya neman izinin kowa. Me ya ba shi wannan dama? Dokar da ta ce ruwan ba na masu gaɓar ba ne su kaɗai. Cire wannan doka ka ga abin da zai saura na 'yancinsa.

Ba sai an yi hasashe ba, Ingila na nan. A can, a yawancin kogunan da ruwan teku ba ya shiga, mai filin da ke gaɓa shi ke da ƙasan kogin har tsakiya, kuma an daɗe ana jayayya kan ko wani na da ikon wucewa ta kai. Ƙungiyar matuƙa kwalekwale ta ƙasar ta sha faɗin cewa kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai na kogunan Ingila ke da haƙƙin wucewa da babu gardama a kansa. Sauran, ko ka nemi yardar mai fili, ko ka shiga a yi ta yi maka ihu daga gaɓa. Ka tsallaka iyaka zuwa Scotland, dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003 ta ba kowa damar bin ruwa da jirgin da ba shi da inji, muddin bai yi ɓarna ba. Wace ƙasa ce ta fi kusa da mafarkin mai cewa mallaka ita ce komai? Ingila. A wacce mai filafili ya fi sakewa? Scotland.

Za su ce, kuma suna da hujja, mallaka tana kare ruwa. Masunta 'yan ƙugiya a Ingila sun kafa ƙungiya a 1948 wadda ta dinga amfani da haƙƙin masu gaɓa tana kai masu gurɓata koguna kotu, ta kuma yi nasara a kan manyan kamfanoni da hukumomin birane, kamar shari'ar kogin Derwent a farkon shekarun 1950. Na yarda wannan ya faru, ya kuma yi amfani. Amma ka lura, haƙƙin da ya kori mai zuba guba shi ne dai haƙƙin da ake korar mai kwalekwale da shi. Kuma kai ƙara na aiki ne in bututun guda ne, ka san mai shi. In dattin daga gonaki dubu da tituna dubu yake gangarowa, wa za ka kai? Kogin Cuyahoga a birnin Cleveland na Amurka ya kama da wuta a 1969 saboda mai da dattin masana'antu da ke kansa, ba kuma karon farko ke nan ba. Abin da ya dawo da shi har ake tuƙa kwalekwale a cikinsa yau ya haɗa da dokar tsabtace ruwa ta 1972 da kuɗin jama'a masu yawa.

Sai kuma wurin da masu wannan ra'ayi ke yi wa kallon aljannar duniya, yankin Boundary Waters a jihar Minnesota, kan iyakar Amurka da Kanada. Fili ne da ya haura eka miliyan guda, da tafkuna sama da 1,000. Mutum kan yi kwanaki bai ji ƙarar inji ba. Wannan shirun wa ya kawo shi? Tun 1949 Shugaba Truman na Amurka ya hana jiragen sama yin ƙasa-ƙasa a kan yankin. Dokokin 1964 da 1978 suka taƙaita injina, suka rufe ƙofar sare itatuwa da haƙar ma'adinai a ciki. Yau in za ka kwana a can tsakanin Mayu da Satumba sai da takardar izini, kuma adadinta a ƙayyade yake a kowace mashiga. Ayari ba ya wuce mutum 9 da jirgi 4. Ba a shiga da abinci na gwangwani ko na kwalba. Wato kaɗaicin da mutum ke zuwa nema ya ce ya tsere wa gwamnati, wani ma'aikaci ne ya ƙirga shi a takarda ya ware masa rabonsa.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. An yi wannan ne a kan wuyan wasu. An sayi gidaje da masaukan mutane ba da son ransu ba. Dorothy Molter, ma'aikaciyar jinya da ta yi sama da shekara 50 a wani tsibiri a tafkin Knife tana yi wa matafiya magani tana sayar musu da lemon da take haɗawa, ita ma an ce ta tashi. Sai da jama'a suka yi ca a kan lamarin aka bar ta, ta zauna har rasuwarta a 1986. In libateriyan ya nuna mini wannan ya ce ka ga halin gwamnati, ba ni da bakin musu. Hukuma kan yi rashin imani, kan kuma yi wauta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ji daɗin shirun, sannan a yi kamar daga sama ya faɗo.

Manyan malamansu ma sun fi mabiyan sanin wannan. Robert Nozick, a littafinsa na 1974 wanda ya zama ginshiƙin aƙidar, ya amince cewa mutum ba shi da ikon mallake rijiya ɗaya tilo da ke cikin hamada ya sa mata kuɗin da ya ga dama. Ruwa ne ya sa shi ja da baya. Elinor Ostrom kuma, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa zaɓin bai tsaya tsakanin gwamnati da mai kuɗi ba. Ta bi makiyayan wani ƙauye a Suwizalan da manoman rani na Valencia a Sifen, ta ga mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna tafiyar da abin da suka yi tarayya a kansa da ƙa'idojin da su suka kafa, su ke sa ido, su ke hukunta wanda ya karya. Wannan ya fi kama da abin da nake gani a bakin ruwa: kashe wutarka kafin ka tashi, kwashe sharar da ka tarar ko ba taka ba ce, bar wa na baya itacen hura wuta. Babu ɗan sanda a wurin. Amma babu mai cewa ba ruwansa.

Rigar, da wanda zai shigo ɗauko ka

Mu koma kan abin da ya jawo tsakin. Yayana zai ce raina ne, in na ƙi sa riga na nutse, wa na cuta?

Da a ce wanda ya kife yakan nutse shiru ba mai gani, da hujjar ta tsaya. Ba haka abin yake ba. Ruwan sanyi yana fara ƙwace numfashi ne a minti na farko, mutum ya dinga haki ba da sonsa ba. Bayan kamar minti goma hannuwa su daina jin magana, ko gwanin iyo ne. Duk wanda ke kusa yana ganin wannan, kuma zai taho. Mai riga yana yawo a saman ruwa, sai a miƙa masa igiya ko filafili. Marar riga yana kama duk abin da ya samu, har da wuyan wanda ya zo ceto, har da gefen kwalekwalen da zai kifar. In ba a same shi ba, wasu ne za su kwana suna lalube cikin duhu. Ƙin sa rigar caca ce da ran mutanen da ba a tambaye su ba.

A nan aƙidar ke da wani gurbi da ya daɗe yana ba ni mamaki. A tsantsarta, laifi shi ne ka cutar da wani. Ƙin taimako ba laifi ba ne da za a tilasta maka a kai. In ka ga mutum na nutsewa ka wuce, ka yi rashin kirki, amma ba ka keta haƙƙin kowa ba. Dokar yawancin jihohin Amurka ma haka take, ko da yake Minnesota ɗin nan ta kwalekwale tana cikin 'yan kaɗan da suka wajabta taimako gwargwadon iko. Faransa ta ɗauki ɗaya hanyar: ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari, alhali ba abin da zai same ka, na iya kai mutum kurkuku har shekara 5. A teku kuwa an daɗe da gama wannan gardama. Yarjejeniyar Brussels ta 1910 ta wajabta wa kyaftin ya taimaki duk wanda ya tarar cikin haɗari, ko abokin gaba ne, in dai ba zai jefa jirginsa cikin babban haɗari ba. Mutanen da suka fi kowa sanin ruwa, waɗanda suka fi kowa nisa da hukuma, su ne suka fi kowa ƙin "kowa tasa ta fishshe shi".

Ko ya kamata a ɗaure wanda ya ƙi ceto, wannan ina da shakka a kai, don tsoro ba laifi ba ne, kuma ba kowa ke iya sanin abin da zai iya ba a cikin daƙiƙa biyar. Amma aƙidar da ta ce babu abin da ke kanka game da mai nutsewa in ban da kada ka danna kansa, ta bar abin da ya fi muhimmanci a waje.

Na san haka ne don na taɓa zama mai nutsewar. Shekarata ta biyu da fara tuƙi, na raina wata iska, na juya wa igiyar ruwa gefe maimakon in fuskance ta. Kafin in ankara ina cikin ruwa, kwalekwalen ya kife yana nisa da ni, rigar da na sa ban ɗaure ta da kyau ba ta hauro mini har kunne. Ban iya ko ihu ba saboda haki. Wanda ya juyo ya keto iskar nan, ya manna jirginsa a gefena, ya ce in kama baya kada in kama gefe, ya ja ni har gaɓa, ya tuɓe rigarsa busasshiya ya ba ni, shi ne dai mai tsakin nan. Bai tsaya tambayar ko akwai yarjejeniya tsakaninmu ba.

Na tuna masa wannan a makon da ya biyo bayan zuwan ma'aikacin, muna sauke jirage daga kan mota. Na ce, "Yaya, ranar da ka ciro ni, ina ba ruwanka ya tafi?"

Ya ce wannan daban, shi ya ga dama, ba wanda ya sa shi, kuma abin da yake faɗa ke nan tun farko: alheri na gaske shi ne wanda ba doka ta tilasta ba. Na ce to da ka wuce ka bar ni fa, da ka yi laifi ko ba ka yi ba? Ya yi shiru yana warware igiya. Can ya ce da bai iya barci ba. Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba. Ya ce ya ji.

Muka tura jiragen cikin ruwa. Kafin in shiga ya kamo maɗaurin rigata ta baya ya ja da ƙarfi, ya ga ya yi sako-sako, ya ɗaure shi da kansa yana mita. Tasa rigar tana shimfiɗe a ƙasan kwalekwalensa, ya ɗora ƙafa a kai.